Toyoji Mai Karnuka da Zazzaɓin Kaka

A ƙauyen Tanisako, can cikin duwatsun Miyazaki, in ka ce kana neman gidan Nakatake sai an tambaye ka wanne, don rabin garin sunan da suke amsawa ke nan. Amma in ka ce Toyoji mai karnuka, ko tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi za ta nuna maka gidan bayan kurmin gora, inda haushi ke tashi tun baƙo bai hau gada ba.

An haife shi 'yan shekaru bayan babban yaƙin duniya, a gidan masu ƙona gawayi. Ubansa mutum ne marar yawan magana, kullum fuskarsa baƙi ƙirin da hayaƙi. Ba a wurinsa Toyoji ya gaji farauta ba. A wurin ƙanen uwarsa ya gaje ta, Kawu Kumezo, wani gajeren mutum mai faɗa, wanda ya fi ƙaunar karnukansa a kan mutane, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa hakan ba.

A wancan zamani ganin aladen daji sai an sha wuya. Suna can ƙuryar dutse, domin ko'ina ka duba akwai mutane: masu gawayi, masu saran katako, mata masu ɗiban ganye, ga gonakin shinkafa hawa-hawa tun daga bakin rafi har kusa da kan tudu. Sai sanyi ya kankama, ganye ya zube, sannan maharba su taru. Su yi kwanaki suna bin sawu su dawo hannu wofi. Ranar da aka dace kuwa, sai a busa ƙahon gora daga kan tudu, garin duk ya ɗauka. Malamin makaranta ma dole ya haƙura ya saki yara. A sauko da aladen rataye a jikin gora, a kai shi gurbin da ke ƙarƙashin gada, a farke cikinsa. A yanki bakin zuciyar a soke a tsinke a ajiye wa Uwar Dutse, iskar da suke cewa ita ke da dajin, a gindin itace. Ƙoda da sauran kayan ciki a watsa wa karnuka tun da ɗuminsu. Gangar jikin kuma a ɗaura mata igiya a nutsa ta a ruwan nan mai sanyin da ke kama ƙashi, ta kwana, don naman ya huce ya yi daɗi. Washegari a yi rabo, kashi-kashi daidai, da wanda ya harba da wanda ya wuni tsaron hanya bai ga ko ɓera ba. Da rana tsaka mata su ɗora babbar tukunya a dandali, su zuba miso, wato daddawarsu ta waken soya, da farin tushen lambu da lemar kwaɗi, kitse ya taso sama yana walƙiya.

Farautar Toyoji ta farko ba ta yi masa kyau ba. Kawu ya tsayar da shi a bakin gonar wani manomi, ya ce in alade ya ɓullo ya harba. Alade ya ɓullo. Toyoji ya ga haurensa, ya ji gurnaninsa, sai kawai ya tsinci kansa a kan itacen kanya, bindiga a ƙasa, wando ya tsage tun daga gwiwa har ƙugu. Mutum biyu suka gan shi. Ɗaya abokinsa ne Shigeyoshi, da ake ce wa Shige, wanda ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa, ya kuma laƙaba masa Sarkin Hawa, sunan da bai daina kiransa da shi ba har tsufa. Ɗayar kuwa 'yar mai gonar ce, Tsuyako. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce, "Tunda ka riga ka hau, tsinko mana nunannun mana." Bayan shekara uku aka yi bikinsu.

Kunyar ranar ce ta sa ya dage. Kafin Kawu Kumezo ya rasu, Toyoji ya zama wanda ake jira ya iso kafin a shiga daji. Ba harbi ya fi kowa ba, Shige ya fi shi hannu nesa ba kusa ba. Abin da ya iya shi ne kare. Yakan zaɓi kwikwiyo tun idonsa bai buɗe ba, ya rene shi a kusa da murhu, ya riƙa yi masa magana kamar mutum. In karnukansa suka yi haushi a bayan dutse, daga muryar yakan san ko babban alade ne ko matashi, ko ya tsaya ko gudu yake. Tsuyako takan ce, "Ni dai na san ni ce ta biyar a gidan nan, in an lissafa da masu wutsiya." Da damina yana noman 'yar shinkafarsu, yana kiwon lemar kwaɗi a jikin gungume. Da haka suka reni 'yarsu ɗaya, Haruyo.

Garin bai mutu a rana ɗaya ba. Da farko gawayi ya daina kasuwa, sai katako. Samari suka riƙa shiga motar safe da akwati, su dawo hutun bazara da mata da 'ya'ya, su yi kwana uku su koma. Haruyo ma ta bi sahu, ta yi aure a birnin Fukuwoka. Aka rufe makaranta. Gonakin da ke sama su aka fara bari, don gwiwar tsofaffi ta daina kai su can. Gonar mahaifin Tsuyako ma da ya rasu haka ta zama. Ganuwar dutsen da kakanni suka jera tana nan tsaye, ruwa yana shiga kamar kullum, sai dai babu mai buɗe masa hanya ya fita. Ya kwanta ya zama taɓo, ciyawa ta rufe. Aladun da a da ake hawa dutse a neme su, sai ga shi sun sauko da kansu, sun sami wurin birgima a bakin gari. Suka yi ta haihuwa. Suka tone dankali, suka cinye tohon gora, suka kwantar da shinkafa ana gobe girbi. Maharban da a da suke cika dandali, yanzu 'yar motar Shige ta ɗaukar kaya ta ishe su, kuma duk cikinsu babu mai baƙin gashi.

Tsofaffin mata suka riƙa zuwa ƙofar gidan Toyoji. "Toyo, ka taimaka, sun shigo mini har bayan ɗaki." Hukuma ta ba da izinin a riƙa harbinsu ko ba lokacin farauta ba. Toyoji bai so ba. Shi a saninsa alade na lokacin sanyi ne. Naman kaka ba kitse, ga wari, ga ƙaiƙayi a daji. Amma ba ya iya kallon tsohuwa ta yi noman shekara ta tashi a banza.

Shekarar da ya haura saba'in, wata guguwa ta zo daga teku dab da girbi, aka yi ta ruwa kamar ba za a ɗauke ba. Da ya ɗauke kuma sai zafi ya dawo, mai danshi, irin mai sa riga ta manne a baya. A lokacin yana da karnuka biyu da yake ji da su: Tetsu, wani ƙaton namiji mai tabo a hanci, wanda Toyoji ya ce tun da yake bai taɓa riƙe kamarsa ba, da 'yar'uwarsa Kiku. Da hantsi suka tayar da wani babban alade, Tetsu ya ritsa shi a tsakiyar taɓon gonar mahaifin Tsuyako. Shige ya ɗana ya harba, sau ɗaya ya isa.

"To, Sarkin Hawa," in ji Shige, "ni na yi nawa. Shiga ka jawo shi, gonar surukinka ce."

"Da ka bari ya fito kan tudu mana, makaho."

"Makahon da ya samo ka a kan kanya?"

Toyoji ya shiga. Taɓon ya kai masa cinya, ɗumi kamar miyar da aka sauke, ga zarni. Takalminsa na roba ɗaya ya maƙale ya fita, wani tsinin gora ya karce masa ƙwauri. Bai ko duba ba. Suka jawo aladen, suka kai shi gurbin ƙarƙashin gada, suka yi masa yadda ake yi tun zamanin Kawu. Ya watsa wa karnuka ƙoda, ya wanke fuskarsa da ruwan gurbin, ya kurkure baki.

Bayan kamar mako Tetsu ya ƙi cin abinci. Ya kwanta a ƙarƙashin dakali yana amai. Toyoji ya ɗaga masa leɓe ya ga dasashinsa ya yi rawaya, farin idonsa ma haka. Ya dafa masa shinkafa da ƙwai, ya riƙa ɗura masa ruwa da cokali. Kafin ya yanke shawarar sauka da shi wurin likitan dabbobi, karen ya mutu, kansa a kan ƙafar ubangidansa. Kiku ce aka garzaya da ita da ta fara nata, aka riƙe ta a can. Toyoji ya haƙa rami a bayan kurmin gora shi kaɗai, bai yarda kowa ya taya shi ba. Da ya dawo jikinsa yana rawa, Tsuyako ta ɗauka baƙin ciki ne.

Ashe zazzaɓi ne. Ya ce mura ce, ya sha ruwan citta ya lulluɓa. Kwana biyu ya ji dama-dama, har ya fita ya duba gungumensa. Sai abin ya dawo da ƙarfinsa. Kansa kamar ana sara, idanunsa jawur. Da safe ya zo miƙewa ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa.

Tsuyako ta durƙusa ta matsa masa sha-raɓa. Ya yi wata ƙara da ba ta taɓa jin ya yi ba. Ta tsaya cak. Ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa wajen haske, ta daɗe tana duban idon.

"Baban Haruyo, yaushe rabonka da fitsari?"

"Wace irin tambaya ce wannan da sassafe?"

"Ka ba ni amsa."

Ya ce tun jiya da rana, kuma ɗan kaɗan ne, ja kamar shayi.

Tana yarinya, duk shekara in aka shiga girbi ƙafa ba takalmi, sai maza biyu ko uku sun kwanta da wannan ciwo. Zazzaɓin kaka ake ce masa. Da yawa sukan tashi, amma yayan mahaifinta bai tashi ba, ya koma rawaya har tafin hannu. Da injuna suka zo, da dogayen takalma, ciwon ya ɓace, har aka manta da sunansa. Ba ta gaya wa mijinta abin da ta tuna ba. Ta je ta buga wa Shige waya.

"Ka zo da mota yanzu."

"Me ya sami ragon?"

"Shige, na ce yanzu."

Nan da nan Shige ya iso. Shi ya goya Toyoji a bayansa har mota, tsoho goye da tsoho, ya kuma sauka hanyar nan mai lanƙwasa da gudun da Tsuyako ta ce har ta mutu ba za ta yafe masa ba.

A asibitin birni suka haɗu da wata likita, shekarunta ba su kai na Haruyo ba. Ta saurari Tsuyako har ƙarshe, sannan ta shiga tambaya. Ya shiga ruwa ko taɓo? Yana da rauni a ƙafa? Akwai dabbar da ta yi ciwo a gida? Da ta ji labarin Tetsu sai ta ajiye alƙalami, ta sa a fara masa allura tun kafin sakamakon jini ya fito.

"Mama, kin yi daidai da kika kawo shi," in ji ta. "Abin da kike zato shi nake zato. Mu leptosifira muke ce wa ƙwayar. Tana zama a ƙodar ɓera da aladen daji. Su ba ta cika kwantar da su ba, sai dai su yi ta zubar da ita a fitsari. In ta sami ruwa mai ɗumi ko taɓo takan daɗe da rai, tana jiran ƙafa mai rauni, ko ido, ko baki."

"Zai tashi?"

"Ƙodarsa ta tsaya. Za mu yi masa wankin ƙoda har ta farfaɗo. Ba zan yi miki alkawari ba, amma za mu yi iya yinmu."

Kwanakin farko Toyoji bai san inda kansa yake ba. Haruyo ta zo ta zauna da uwarta. Yana ta sambatu yana kiran karnukan da suka mutu tun Haruyo tana goye. Sai da ganyen duwatsu ya gama juyawa ja sannan ya fara gane mutane. Ya rame, wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako. Shige yana zuwa duk bayan kwana biyu, ya zauna a bakin gado da hularsa a gwiwa.

"Kai kam ka ci amanar maharba. Aladen da ya mutu shi ya kayar da kai, kuma ba da haure ba, da fitsari."

"Fita ka ba ni wuri."

"Ka ga launinka kuwa? Kamar kabewar da aka manta a rumbu."

Wata rana da Shige ya tashi tafiya, Toyoji ya riƙe masa hannun riga. "Ni na ba Tetsu ƙodar nan da hannuna, Shige." Shige ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga ba wurinta ba ne, ya rufe. Likitan dabbobi daga baya ya ce ba mai iya sanin ko ƙodar ce ko taɓon, tunda karen ya yi iyo a ciki. Maganar ba ta rage wa Toyoji komai ba.

Ƙodarsa ta farfaɗo, ko da yake ba ta koma kamar da ba. Ya dawo gida da sanda. Kiku ma ta dawo, ta zama kamar 'yar tsohuwa, kullum tana kwance a ƙofar ɗaki.

A sanyin shekarar ma'aikatan lafiya na gunduma suka roƙi maharba su riƙa ajiye musu ƙodar duk aladen da aka harbe. Toyoji ba ya iya hawa dutse, don haka shi ya karɓi aikin. Ya sa safar hannu yana cire ƙoda yana ƙullewa a leda, yana sakawa a akwatin ƙanƙara. Da bazara suka zo da amsa, aka tara mutanen gari a tsohuwar makaranta, tsofaffi zaune a kujerun yara, gwiwa har ƙirji. Aladu da yawa suna ɗauke da ƙwayar. An kuma sami alamarta a taɓon gonakin sama, waɗanda ruwansu ke gangarowa rafi in an yi ruwan sama. Jami'in ya ce naman da ya dahu sosai ba shi da laifi. Laifin yana wajen fiɗa da hannu tsirara, da shiga taɓo, da ba karnuka ɗanyen kayan ciki, da nutsa alade a rafi. Ya ce a yi wa karnuka rigakafi, ko da yake ba ta tare kowane iri.

Wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce, "To jikokinmu fa? In suka zo hutu a gurbin nan suke wuni."

Sai Shige ya miƙe. Ya ce shi tun yana da shekara biyar yake iyo a gurbin, kakansa ya nutsa alade a ciki, ubansa ya nutsa, bai ga wanda ya mutu ba. Naman da bai kwana a rafi ba ai ba nama ba ne. Mutum ɗaya ya shiga taɓo ba takalmi, shi ke nan sai a tashi garin kowa?

Toyoji ya dogara sandarsa ya miƙe. Bai saba magana a taro ba.

"Zamanin kakanka alade nawa ake nutsawa a shekara? Kuma a wane wata? Ruwan yana yanka hannu don sanyi. Yanzu kuwa har da zafi muna yi, kusan duk mako. Sannan gonakin sama shinkafa ce a cikinsu, ba fitsarin alade ba." Ya tsaya ya numfasa. "Ni na ga inda abin nan ke kai mutum. Ba na so ɗan wani ya zo gaida kakarsa ya koma a kwance. Daga yau ba na nutsa alade a gurbin nan, kuma wanda ya nutsa ba ya fita da karena."

"Au, da kare za ka yi mana barazana? Wane karen ma ya rage maka?"

Maganar ta fita kafin Shige ya kama ta. Toyoji ya dube shi, ya ɗauki hularsa ya fita. Tun suna 'yan makaranta suke zagin juna, amma wannan ne karo na farko da suka daina magana.

Da ƙarfinsa ya ɗan dawo, Toyoji ya ce wa Tsuyako yana so ya fasa ganuwar gonar mahaifinta, ruwan ya tsiyaye, taɓon ya bushe. A gonar nan ta koyi dashe, tana biye da uwarta. Ta san dutsen da ubanta ke zama a kai ya sha taba. Daga ƙarshe ta ce, "Bari in ɗauko takalmina. In dai za a fasa, da ni za a yi."

Suka riƙa hawa da safe, su biyu, da dogayen takalma har cinya da safar hannu, shi da ƙarfen ɓanɓara, ita da fartanya. Duwatsun sun zauna da juna kamar haƙora, ba siminti ba komai, sai iyawar mutanen da ba a ma san sunansu ba. Kafin su ciro ɗaya sai Toyoji ya zauna ya huta. Ranar da ruwan ya fara fita, baƙi, yana wari, Tsuyako ta juya baya ta goge ido da gefen ɗankwalinta. Ta ce zufa ce.

Ana cikin haka wata safiya suka ji rurin inji daga ƙasa. Shige ne, a kan 'yar motar haƙa da ya aro wurin masu gyaran hanya, tana tafe tana tangaɗi. Ya saka safar hannu ta wanke-wanke mai ruwan hoda, ta marigayiya matarsa, ta matse masa yatsu. Ya kashe injin ya leƙo.

"Da irin wannan aikin naku, sai aladun sun mutu da tsufa kafin ku gama."

Toyoji ya dubi safar ya ce, "Ta yi maka kyau. Sai a samo maka zane."

"Kauce ka ba ni hanya, mai ƙodar aro."

Ba wanda ya ba wani haƙuri. Tsuyako ta kwance ƙunshin shinkafarta ta raba uku.

Kafin damina ta shigo sun fasa gonakin da ke saman rafi duka, bayan sun nemi iznin masu su ta waya, 'ya'yan da wasunsu ba su ma tuna inda gonar take ba. Aladun ba su tafi ba, sun dai matsa da birgimarsu can gaba. A bayan makaranta aka gina 'yar rumfa mai daɓen siminti, da famfo da babban kwami, nan ake fiɗa yanzu, a sanyaya naman da ƙanƙara, kayan ciki kuma a binne. A bakin gada aka kafa allo, cewa kada a shiga ruwa bayan ruwan sama, ko in akwai rauni a jiki. Yara sukan zo hutu su shiga in rafin ya yi garau, iyayensu na tsaye suna duba musu ƙafa. Haruyo dai ba ta ƙara barin nata sun shiga ba.

Bai ƙara bin karnuka dutse ba. Ya gwada sau ɗaya, numfashi ya gagare shi tun bai kai rabin tudu ba. Ya share bindigarsa ya shafe ta da mai, ya kai ta ofishin 'yan sanda ya miƙa. Shige ya ci gaba da harbi har idonsa ya dushe, ya rasu wata rana yana zaune a rana a ƙofar gidansa. A wurin zaman makoki aka nemi Toyoji ya faɗi wani abu, ya ce, "Ya iya harbi." Sannan ya koma ya zauna.

Farautar garin yanzu tana hannun wani magidanci ne mai suna Iwakiri, wanda ya gaji da aikin kamfani ya kwaso iyalinsa ya sayi wani kango. Tarkon keji ya fi amfani da shi, amma ya zo har gida ya durƙusa ya roƙi kwikwiyo daga jikokin Kiku. Toyoji ya sa shi zirga-zirga har sau da yawa kafin ya ba shi, kuma bai saki igiyar ba sai da mutumin ya yi alkawarin rigakafi, da cewa ɗanyen kayan ciki ba zai taɓa shiga bakin karen ba.

Duk sanyi Iwakiri kan kawo musu cinya. Tsuyako ta yanka siriri-siriri, ta dafa da miso har ya yi luguf. Ni mai ba da labarin nan, ranar da na ci a gidansu, Toyoji ya daɗe yana tauna loma ɗaya, sannan ya girgiza kai.

"Naman rumfa ba ya kai na rafi. Shige ya yi gaskiya a nan."

"Naman bai canza ba," in ji Tsuyako. "Haƙoranka ne na roba."

Ya yi tsaki, ya miƙa mata kwanonsa ta ƙara masa.